Na'urar sarrafa sautin jita: me ya sa take daɗi a abin kunne, amma take kaushi a amfilifaya?

Sabon_Mai_Jita:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Wata biyu ke nan da na sayi na'urar nan ta ƙasa mai haɗa sautuka da yawa a akwati ɗaya, wadda ake takawa da ƙafa, kuma na same ta ne a hannun wani da ya yi amfani da ita. Idan na zauna a ɗaki na sa abin kunne, sautin yana fita da kauri da laushi har ba na son ajiye jitar. Amma ranar Asabar da ta wuce mun yi wasa a wani biki, na haɗa ta da amfilifayar da aka yi haya, sai sautin ya shaƙe kamar ana kaɗawa a cikin randa. Da mai kula da sauti ya mayar da ni kai tsaye cikin miksa, wato na'urar da take haɗa sautin duk kayan kiɗa ta aika wa lasifikun taro, sai ya koma tsini yana sukar kunne, kuma da masu ganga da mai fiyano suka shigo, ni kaina na daina jin abin da nake kaɗawa. Ban da wannan, akwai wani gunji da ba ya tsayawa muddin janareta yana aiki. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa akwai abin da ban fahimta ba?

Injiniyan_Sauti:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wuya a ce na'urarka ta lalace, domin abin da ka bayyana shi ne abin da yake samun kusan duk wanda ya fito da irin wannan na'ura daga ɗaki zuwa fili a karon farko.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, waɗannan na'urori ba eko da gurnani (kaushin da ake ƙara wa sautin jita da gangan) kaɗai suke ƙarawa ba. Tun lokacin da kamfanin Line 6 ya fito da tasa mai suna POD a 1998, yawancinsu suna kwaikwayon amfilifaya sukutum, har da akwatin lasifikarta da makirufon da ake kafawa a gabanta. Dalili kuwa shi ne, lasifikar jita mai inci 12 ba ta fitar da sauti mai tsini sosai. Daga wajen haz 5,000 (haz shi ne ma'aunin tsinin sauti) zuwa sama ƙarfinta yana faɗuwa, kuma wannan yankewar ce take tausasa gurnanin jita ya zama abin saurare. A abin kunne babu irin wannan lasifika, don haka na'urar take yin aikin a madadinta, shi ya sa ka ji daɗi a ɗaki. To, da ka shiga gaban amfilifaya ta gaske alhali kwaikwayon yana kunne, an tace sautinka sau biyu ke nan, sai ya fito a shaƙe. Da aka mayar da kai miksa kuma, ina kyautata zaton ko dai ka kashe kwaikwayon lasifikar a ƙoƙarin gyara matsalar farko, ko kuma saitin da ka koma kansa ba shi da shi, saboda haka lasifikun taro, waɗanda suke fitar da komai har ƙarshen tsini, suka watso gurnanin ɗanye.

Gyaran yana wurin zaɓen mafitar sauti. A na'urar Boss GT-1, misali, akwai wuri mai suna OUTPUT SELECT, inda za ka gaya wa na'urar ko abin kunne da miksa za ta shiga, ko ƙaramar amfilifaya, ko babba. Sauran kamfanoni suna da makamancinsa da wani suna. Idan miksa za ka shiga, ka bar kwaikwayon amfilifaya da na lasifika a kunne. Idan gaban amfilifaya za ka shiga, ka kashe kwaikwayon lasifika ko ta halin ƙaƙa, ka kuma sa amfilifayar a sautinta mai tsabta. Hanyar da na fi so ita ce, idan amfilifayar tana da ramin da aka rubuta RETURN a bayanta, ka cusa wayarka a nan, domin ta haka ka tsallake sashen da yake rina sauti a gabanta, ka yi amfani da ƙarfinta da lasifikarta kaɗai. Sai dai ka rage ƙarar na'urarka kafin ka haɗa, saboda a amfilifaya da yawa maɓallin ƙara na gaba ba ya aiki ta wannan hanya.

Tsohon_Makaɗi:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni a ganina bai taɓa babban ciwon ba, wato ɓacewar da ka yi a cikin sauran kayan kiɗa. Ƙanena, zan iya rantsuwa saitin da ya zo da na'urar kake amfani da shi. Waɗannan saituttuka an yi su ne domin su burge mai saye a shago cikin minti ɗaya: an cika su da gurnani, an zuba eko har ya yi ambaliya, an ɗaga ƙasa da sama, wato sauti mai kauri da mai tsini, an ƙwaƙule tsakiya. Alhali jita a tsakiya take zaune. Ƙasa na mai jitar bes ne da babbar ganga, sama kuma na faifan ƙarfen mai ganga ne, to idan ka zubar da tsakiyar, ina ka bar wa kanka?

Shawarata ita ce ka buɗe saiti wanda babu komai a cikinsa, ka zaɓi amfilifaya ɗaya tak, ka zauna da ita har sai ta yi maka daɗi ba tare da wani ƙari ba. Gurnanin da kake ganin ya isa, ka rage kusan kashi ɗaya cikin ukunsa, domin yawansa yana danne bugun hannu ya sa kowace tsirkiya ta narke cikin 'yar'uwarta. Bayan haka ka jera sauran a kan tsarin da aka saba: kwamfuresa mai daidaita ƙarfin bugu da fedar wah-wah a gaba, sai gurnani, sai amfilifaya, sai koras, mai sa jita ɗaya ta ji kamar biyu, da danginsa, sannan maimaita sauti, amsa-kuwwa kuma a can ƙarshe. Idan ka sa amsa-kuwwa kafin gurnani, gurnanin zai kama jelar sautin ya dama ta. Akwai masu yin hakan da gangan, amma ba a bikin aure ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mutane suka fi ƙin ji: kada ka shirya saitin fili a abin kunne da tsakar dare. Tun 1933 masana sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙasa da sama sosai idan ƙarar sauti ba ta da yawa. Saboda haka kana ƙara su a ɗaki ba tare da ka sani ba, da zarar an ɗaga ƙara a fili kuma sai su yi yawa. Ka ɗauki na'urar zuwa wurin atisaye, ka gyara ta a ƙarar da za ku yi wasa, mai ganga yana bugawa.

Baƙon_Agadas:

Ni zan taɓa batun gunjin, tunda mu a nan yawancin bukukuwanmu a kan janareta ake yi. Kafin ka zargi kowa, ka cire adafta ka gwada na'urar da batir idan tana karɓa. Ƙanana irin su GT-1 da Zoom G1X Four suna aiki da batir AA guda 4. Idan gunjin ya ɗauke, to daga wuta yake, kuma sau da yawa adaftar kasuwa marar tacewa ce sanadi. Ka nemi wadda ta dace da abin da aka rubuta a jikin na'urar, domin da yawansu bolt 9 suke ci kuma tsakiyar filoginsu nagatif ce, akasin adaftoci da yawa na gida. Idan gunjin yana canjawa yayin da kake juya jikinka, to maganaɗisun jitar, waɗanda suke ɗaukar sautin tsirkiyoyi, su ne suke ɗauko shi daga iska, musamman masu naɗin waya ɗaya, sai ka nisanci janareta da tiransifoma, ka kuma gwada matsayi na 2 ko na 4 a makunnin da ake zaɓar maganaɗisu da shi a jikin jitar, inda a jitoci da yawa gunjin yake kashe kansa. Idan kuwa sai an haɗa da miksa yake tasowa, ka nemi akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin na'ura da miksa, ka danna maɓallin raba waya ta ƙasa da ke jikinsa. Kada ka taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya domin kashe gunji, saboda tsirkiyoyin ƙarfe suna hannunka, kuma wuta tana iya jan ka ta cikinsu.

Ban yarda da Tsohon_Makaɗi gaba ɗaya ba a kan eko. Kiɗan jitarmu na hamada yana son sauti mai tsabta da ɗan maimaitawa, kuma matsalar ba yawan ekon ba ce kullum, rashin dacewarsa da gudun waƙa ne. Ka raba 60,000 da adadin bugu a minti, za ka samu tazarar a milisakan: waƙa mai bugu 120 tana son 500, ko 375 idan kana son wanda yake tsalle tsakanin bugu. Idan lissafi a kan dandamali ya yi maka nauyi, ka ware feda ɗaya domin taka gudun da ƙafa.

Sabon_Mai_Jita:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na je wurin atisaye na duba, ashe mafitar tana kan abin kunne tun ranar da na saya. Na shiga ta RETURN kamar yadda Injiniya ya ce, na gina saiti guda 3 daga farko, mai tsabta da mai ɗan gurnani da na fita gaba, kuma a karon farko mai fiyano ya ce yana jina. Gunjin ma ya ragu sosai da na koma batir, don haka adafta zan canja. Abin da ya rage mini yanzu shi ne, idan na tsallaka daga saiti mai tsabta zuwa na gurnani, ƙarar tana faɗuwa maimakon ta tashi. Da wanne ake daidaita wannan, da ƙarar amfilifayar da ke cikin saitin, ko da ƙarar saitin gaba ɗaya?