Yelwan Yawuri a Bakin Tafki: Musayar Baitoci

Malam Na Tudu

Da sunan Allah nake buɗe fagen nan,
Ku matso, 'yan'uwa, zancen na Yelwa.

Kudancin Kebbi take, a gaɓar Kwara,
Hanyar Kwantagora zuwa Jega na ratsawa.

Sarki Abarshi ne ya kawo gadon Yawuri nan,
A 1888 sarauta ta samu kafuwa.

Dakta Zayyanu ke bisa karagar yau,
Ngaski da Shanga nan suke gaisuwa.

Sakatariyar ƙaramar hukuma tana nan,
Da kotu, asibiti, kwaleji da kasuwa.

Gungawa ne 'yan tsibiri tun asali,
Ga Kambari, ga Dukkawa da Shangawa.

Sarkawa sun gangaro da komarsu,
Fulani na kiwo, ga Nufawa da Yarabawa.

A 1968 aka datse Kwara a Kainji,
Kogi ya koma tafki, yana ta hauhawa.

Mutum kusan 44,000 aka tayar,
Suna kallon gonakinsu suna nutsewa.

Tun ran nan garin ke bin lissafin ruwa.
Ɗan Sarkawa, yaushe cika, yaushe janyewa?

Ɗan Sarkawa

Allah gafarta Malam, na karɓa,
Cika biyu ce a shekara ga tafki.

Ta farko farin ruwa, daga Agusta,
Na damina ne, da laka a ciki.

Gulbin Sakkwato da rafukan kusa
Su ke turo shi a guje kamar doki.

Ta biyu baƙin ruwa, garau yake,
Daga duwatsun Gini, abin mamaki.

Fadamun Mali su riƙe shi watanni,
Ya ajiye lakarsa, ya wanke jiki.

Sai hunturu ya iso mana, wajen Disamba,
Tafkin ya tsaya maƙil har baki.

Daga Maris injinan wuta na jan sa,
Ya sauka wajen mita 10, manomi ya hau aiki.

Kifi kuwa sabon ruwa yake bi,
Ya zuba ƙwai cikin ciyawar burugu, can yake biki.

Kalli, wato raga, da yamma ake shimfiɗa shi,
A ɗaga da asuba, jinkiri ba kirki.

Wanda ya mutu a raga tun tsakar dare,
Rana na ɗagawa mai saye zai yi tsaki.

Inna Mai Banda

Ɗana, ka iya lissafin ruwa,
Amma akwai wadda ka ƙi ambata.

Faliya, kifin nan, da can sai da hannu biyu,
Yau tafin hannu ya fi girmanta.

Giwan ruwa mai cika kwale-kwale,
Ganinsa a kasuwa ya ƙaranta.

Faɗi gaskiya kan dala, kar ka kauce,
Wa ke ja, me ake samu a cikinta?

Ɗan Sarkawa

Inna, ban kauce ba, ga bayaninta:
Dala raga ce, gidan sauro ne idonta.

Jirgi ya zagaya da ita kamar baka,
Maza su tsaya a tudu su ja igiyarta.

Warangi ake nema, 'yan ƙananan nan
Da ake shanyawa a rana, kasuwa na buƙata.

Amma ba ta zaɓe, komai ta tarar,
Ɗan faliya, ɗan karfasa, duk abincinta.

Kifin da zai yi kilo 10 in an bar shi,
An auna shi a mudu tun yana ɗan wata.

Idon kalli kar ya gaza inci 3,
Kebbi da Neja sun sa a doka, an rubuta.

Dala kuwa an hana ta ɗungurungum,
Sai dai mai bashin inji ba ya huta.

Ban wanke shi ba, Inna, ɓarna ce,
Amma a nuna masa mafita kan a ƙwace ta.

Sarkin Ruwa ya san mai ja da dare,
In an mara masa baya, shi ne maganinta.

Inna Mai Banda

Na ji, Allah ya shirya. Ga aikin banda,
Don kifi ba ya jira, nan da nan sai laushi.

A farke ciki, a cire matsarmama,
Kar ta fashe, ɗacinta zai ɓata shi.

A wanke tas, a barbaɗa gishiri,
A bari ya tsane kafin a ɗora shi.

Tarwaɗa a naɗe ta, a soke da tsinke,
Giwan ruwa gunduwa-gunduwa ake yanka shi.

Itace mai ƙarfi, busasshe, irin kirya,
Ɗanye baƙin hayaƙi ne, babu ƙamshi.

Wutar farko a hankali, kar ta yi harshe,
Garwashi ake so, ba a babbake shi.

Mai gaggawa kan ƙone baya, ciki ɗanye,
Kwana 3 a kwali tsutsa ta tashi.

A riƙa juyi, na ƙasa ya koma sama,
Mai zuwa Anacha ya kwana 2 yana shan gashi.

Alamar ya yi, ka ƙwanƙwasa ya yi amo,
Ka ji shi sakayau in ka ɗaga shi.

Ya huce sarai kafin ya shiga kwali,
Da zafi gumi zai yi, fumfuna ta kama shi.

In ƙwaro ya shiga, a mai da shi kan banda,
A sake ba shi zafi, wannan ya ishe shi.

Kuma don Allah, 'ya'yana, ban da fiya-fiya,
Ƙwaro ake kora, mutum ne zai ci shi.

Bagunge Mai Albasa

Gwaggo, sannu da hayaƙi,
Mu namu aikin na taki,
Tun kafin a yi tafki
Gungawa ke da albasa.

Ƙarshen damina a yafa iri,
A lulluɓe da ciyawa, a yi haƙuri,
Mako 6 ya yi kauri,
Sannan a tuge a dasa.

Fangali a daidaita shi sosai,
Kar ruwa ya kwanta gefe ɗai,
Tazara yatsu biyar kawai,
Kar a binne wuya a ƙasa.

Ban ruwa bayan kwana uku,
Da jigo ne, yau inji gare ku,
Taki sau biyu ya ishe ku,
Yawan yuriya ba wasa.

Wuya ya yi kauri ya ƙi rufewa,
Danshi ya shiga, sai ruɓewa,
Tana cikin rudu, ma'ajiyarta, tana narkewa
Kafin farashi ya hau bisa.

Wata uku da ɗori ganye ya kwanta,
Mako 2 a yanke ruwanta,
A tone, a kai inuwa ta huta,
Don rana tsaka sai ta gasa.

Ɗan Sarkawa, kan janyewar ruwa,
Laka mai kyau yake bar wa kowa,
Masara da shinkafa na samuwa,
Amma kar kwaɗayi ya kai ka nesa.

Wanda ya bi shi can ƙasan gangare,
Ya yi shukarsa a makare,
Farin ruwa zai zo cikin dare
Ya shanye gonar kan ta isa.

Malama Ta Asibiti

Iyayena, ku ba ni baiti biyar
Kan yaron da ke fitsari da jini.

Tsargiya ce, ba alamar balaga ba,
Dodon koɗi ke rainon ta, ku sani.

Tsutsar na huda fata lokacin wanka
A kwantaccen ruwan gaɓa, damina da rani.

Praziquantel ake ba shi daidai nauyinsa,
Ya ci abinci tukuna kafin magani.

In ya koma ruwan zai sake ɗauka,
Fitsari a tafki ke yaɗa ta, kun gani.

Matuƙin Jirgi

Malama, Allah ya saka. Saura jirgi,
Don ƙauyuka da yawa nan, ruwa ne hanya.

Malam bai ambaci Rigata ba, bikinmu,
Tseren jirage da iyo gaban Sarki da manya.

Ranar kasuwa tun hantsi gaɓa ta cika,
Babur, tumaki, buhuna, mutane da kaya.

Kafin a tayar a duba haɗin katako,
Inda ke yoyo a ce an toshe tun jiya.

In ruwa na lasar baki tun a gaɓa,
Lodi ya wuce kima, a rage, ba jayayya.

Nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure,
Kar jama'a su ruga gefe ɗaya.

Da aka cika tafkin ba a share daji duka ba,
Har yau a ƙarƙashi akwai tsayayyar bishiya.

In ruwa ya sauka tana dab da sama,
Jirgi ya hau kai ya tsage har baya.

Kainuwa kan naɗe farfela inji ya mutu,
A tanadi filafili, a tanadi igiya.

Hadari in ya haɗo gabas da la'asar,
A nemi gaɓa a ɗaure, gobe a yi tafiya.

Dorina mai ɗa ba a matsa mata,
A kewaye nesa ko da za a sha wuya.

Rigar ruwa a sa ta, a ja maɗauri,
Ba matashin zama ba ce, ba ta ajiya.

Mutum sama da 150 ke cikin jirgin
Da ya tsage kusa da Warra tsakar tafiya.

Mayun 2021 ne, kaɗan suka tsira,
Allah ya jiƙan waɗanda suka bar duniya.