Abin da 'yan majalisarmu ta hira suka ce wa masu zuwa kallon ƙofofin Kano

Wani abokinmu zai kawo iyalinsa hutu a motar bas, yana so yara su ga kayan tarihin da ke fili. Ya nemi shawara a majalisarmu, aka kuwa tattauna sosai.

Kowa ya yarda kada ya sa ran ganin mutum-mutumi. Adon Kano na jikin gini ne: zanen dagi, zankwaye a kan soraye, da ƙofofin ganuwa kamar Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa. Wani dattijo ya daɗe yana bayani a kan ganuwar, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12. Ya ce a hana yara hawanta, domin ƙasa ce, ruwan damina ya riga ya ci ta a wurare da dama. Wannan magana ta fi kama ni, domin abin da ya rage na ganuwar bai da yawa.

Direbobin cikinmu suka ce a ajiye bas a masauki a hau adaidaita, lungunan cikin birni ba sa ɗaukar babbar mota. Kada kuma a tsaya ɗaukar hoto a bakin shataletale.

A kan lokaci ne aka ɗan saɓa. Wasu sun fi son bayan la'asar, amma masu cewa a hau Dutsen Dala da sassafe sun fi yawa. Ranar Juma'a da rana a kauce wa wajen gidan tarihi na Gidan Makama saboda cunkoson masallata, sannan a nemi izinin marina kafin a ɗauke su hoto a Ƙofar Mata.