Muhawara: Daidai ne koci ya hana yaro cin ƙwallo ta huɗu?

Baban Sadiq (Edmonton): Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu 'ya'ya a hokin ƙanƙara, ku zo ku yi mini alƙalanci. Sadiq yana rukunin 'yan ƙasa da shekara 11 bana. Kocinsu ya kafa doka cewa duk yaron da ya ci uku a wasa ɗaya ya gama ci, sai dai ya ba wasu. In ya ƙara, benci ne makomarsa. Ranar Asabar yaron nan ya cika ukunsa tun ba a gama zango na biyu ba, muna gaba da ci 4 da 3. A zango na uku ya tsere wa kowa, daga shi sai gola, sai na ga ya ja burki yana waige-waigen wanda zai ba. Ɗan bayansu ya iso ya ƙwace faifan, wato ƙwallon hoki. Aka farke mana, aka ƙara, muka tashi 5 da 4. A mota ko uffan bai ce ba. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne wannan doka kashe baiwa ce. Ba a ɗaga mai rauni ta hanyar ɗaure wa mai ƙarfi ƙafa.

Maman Hauwa (Winnipeg): Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, Allah ya raya mana su. Amma ka ji daga wancan gefen bencin. Bara Hauwa tana sahu ɗaya da wata yarinya irin Sadiq ɗinka. Na zauna ina kallo, wasa ya ƙare sandar 'yata ba ta taɓa faifan nan ba sai lokacin ɗumama jiki. Tana bin yarinyar a baya, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Kuɗin rajista iri ɗaya muka biya da iyayen waccan, sanyin asuba iri ɗaya muka sha. Da kakar ta ƙare cewa ta yi ba za ta koma ba, sai da muka yi ta lallashi. Kai ɗanka wasa ɗaya aka ci shi. Ni 'yata kaka guda ta yi tana gudu a banza.

Baban Sadiq: Hajiya, wallahi na tausaya. Amma laifin wa? Yarinyar da ta iya, ko kocin da bai koya wa Hauwa inda za ta tsaya ba?

Usman (Minnesota): Yaya Baban Sadiq, ina bayanka. Abin mamakin ma, a wasu wuraren wannan doka da sunan Gretzky ake kiran ta, alhali shi ba a yi masa ita ba. Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hokin Kanada, yana ɗan shekara 10 a Brantford ya ci 378 a kaka ɗaya. Iyayen sauran yara suka tsane shi, suna yi masa ihu, suna cewa ya cika riƙe faifai, har hakan na cikin abin da ya sa ya koma Toronto yana shekara 14. Da an tsayar da shi a uku, yau wa zai san sunansa?

Alhaji Mamman (Montreal): Usmanu, ka kawo rabin lissafi ka bar rabi. A wannan kakar da ya ci 378, ya bayar an ci 139. Da ya girma kuma, a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya ci 894, amma waɗanda ya bayar aka ci 1,963 ne. Ko ka share ƙwallayensa kakaf, wannan 1,963 ɗin kaɗai ya fi jimillar makin kowane ɗan wasa a tarihin gasar, wato ci da bayarwa a haɗe, don Jagr da ke bi masa 1,921 gare shi. Tarihin cin ƙwallon nan Ovechkin ya riga ya karya shi a Afrilun 2025. Na bayarwar kuwa babu wanda ya kusanto. Jari Kurri da ke gefensa na dama ya ci 71 a kakar 1984 zuwa 1985. To mutumin da ka kira shaida, ni ya yi wa shaida.

Usman: Ranka ya daɗe, na yarda da alƙalumanka. Amma ba doka ce ta sa shi bayarwa ba, ganin ido ne. Kuma Kurri ba ɗan rakiya ba ne, ai ƙungiyarsu ta Edmonton ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1990 da shi, bayan an sayar da Gretzky ga Los Angeles a 1988. Wanda zai karɓa ma sai ya iya.

Malam Garba (Calgary): Salamu alaikum. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don ni mataimakin koci ne na sa-kai a irin wannan rukunin, kuma matsalar nan kowace kaka sai ta zo mana.

Da farko mu gane inda yaran nan suka fito. Hukumar Hockey Canada ta wajabta wa ƙananan yara wasa a guntun fili tun kakar 2017 zuwa 2018, sannan daga 2019 'yan ƙasa da shekara 9 suka koma rabin fili. A can wuri ya matse, ba ka da inda za ka tsere, dole ka ci karo da mutane. Sai yaro ya shigo rukunin su Sadiq ya tarar da cikakken fili mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85. Wanda ya fi sauri a kan takalmi shi ne sarki. Ya ɗauko faifai tun daga bayan ragarsu, ya bi gefe, ya yanke mutum biyu, ya ci. Babu wata dabara a ciki sai ƙafa. Nan da shekara uku sauran za su kamo shi a gudu, kuma daga rukunin 'yan ƙasa da 15 ake fara yarda a bangaje mutum da jiki a manyan matakai, tunda an cire hakan daga na 'yan ƙasa da 13 a 2013. Yaron da ya saba gudu kansa a sunkuye yana kallon faifai, ranar da ya shiga can za a haɗa shi da katangar fili. Saboda haka damuwar kocin nan tana da tushe, kuma don Sadiq ne kafin kowa.

Amma maganin da ya kawo ban yarda da shi ba. Dokar uku tana koya wa yaro ƙirga, ba ta koya masa gani. Abin da Baban Sadiq ya kwatanta, yaro daga shi sai gola ya tsaya yana waige, a hoki wannan kuskure ne, kuma mu manya muka sa shi ya yi. Fasin mai kyau shi ne wanda aka yi don abokinka ya fi ka wuri, ba don ka cika ƙa'ida ba.

Maman Hauwa: To Malam, in ba doka, me zai sa ya ba da? Mun sha jin "a koya musu, a koya musu", wasa ya zo kuma kowa ya koma halinsa.

Malam Garba: Hajiya, dokar a atisaye ake sa ta, ba a wasa ba. Mukan toshe kusurwa ɗaya ta fili mu sa uku da uku, mu ce ba a harbi sai an yi fasin biyu. Nan da nan gwanin zai gane cewa in abokansa ba su sami wuri ba shi ma ba zai ci ba, sai ki ji ya fara nuna musu inda za su je.

Sai kuma mu koya wa mai sauri yadda zai jira. In ya tsallaka shuɗin layi, wato iyakar yankin abokan hamayya, da faifai ya ga ya bar 'yan uwansa a baya, kada ya nufi raga kai tsaye. Ya gangara gefe, ya yi wani ɗan kewaye zuwa wajen katanga, bayansa ga ɗan bayan da ke bin sa, ya ɗago kai. Daƙiƙa biyu ke nan ya saya. Cikin daƙiƙa biyun nan ɗan tsakiya ya iso, ɗan gefe ya nufi bakin raga, 'yan bayan abokan hamayya duk sun ja zuwa wajensa sun bar tsakiya a buɗe. Gretzky ya shahara da wannan juyin, da kuma tsayawa a bayan raga yana rarraba faifai.

Amma rabin aikin yana wajen irin su Hauwa. Yara da yawa bin faifai suke yi a dunƙule kamar kaji an watsa tsaba. Abu uku muke nanata musu: ki je inda babu kowa, ki ajiye bakin sandarki a kan ƙanƙara don a ga inda za a auna, ki kira sunansa da ƙarfi. Akwai wani yaro a wajenmu bara, shiru-shiru, gudunsa bai kai na kowa ba. Muka ce masa aikinsa ɗaya, ya je bakin raga ta wancan gefen ya kafa sanda. Ranar da faifai ya bugi sandarsa ya shige, bencin gaba ɗaya ya tashi, gwaninmu ne ya fara rungume shi, don shi ya bayar.

Anti Binta (Toronto): Maganar kiran suna ta tuna mini da 2010 a Vancouver. Wasan ƙarshe na Olamfik, Kanada da Amurka, 2 da 2 an shiga ƙarin lokaci. Jarome Iginla yana kokawa da faifai a jikin katanga, ɗan baya na janye shi yana faɗuwa, abokin wasansa na Kanada Sidney Crosby ya ƙwala masa kira "Iggy", ya tura masa, Crosby ya ci. Iginla fa ɗan Edmonton ɗinku ne Baban Sadiq, mahaifinsa ɗan Najeriya, kuma ya ci 625 a NHL. Ba don bai iya ci ba ya bayar. Ni wannan nake nuna wa nawa yaran, su ga mai kama da su ya yi.

Baban Sadiq: Anti, Crosby aka ba. Sadiq in ya ba na gefensa, faifan wucewa yake ta ƙarƙashin sanda. Sau nawa zai ba a zubar kafin ya haƙura?

Maman Hauwa: Sau nawa Sadiq ya zubar kafin ya iya? Yaron da ba a taɓa ba shi ba ta ina zai koyi karɓa?

Alhaji Mamman: Baban Sadiq, in tambaye ka, kada ka ji haushi. A wane wata aka haifi Sadiq?

Baban Sadiq: Fabrairu, Alhaji. Kuma shekararsa ta biyu ke nan a rukunin.

Alhaji Mamman: To ka gani. A nan shekarar haihuwa ake bi, daga Janairu zuwa Disamba, kuma rukunin shekara biyu ya haɗa. Akwai yaro a sahunsa da Sadiq ya kusa ba shi shekara biyu. A wannan ƙuruciyar shekara biyu ba wasa ba ce. Tun a shekarun 1980 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka lura a nan Kanada cewa 'yan farkon shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyin matasa, saboda tun suna ƙanana ake ganin girman jikinsu a ce baiwa ce, a ba su koci mai kyau da lokaci mai yawa. Ban ce ɗanka ba shi da baiwa ba, Allah ya ƙara masa. Cewa na yi wanda yake zubar da faifan nan yau, ba ka san abin da zai zama ba in aka bar shi ya taɓa.

Usman: To in haka ne a ɗaga Sadiq sama mana. Gretzky yana shekara 6 da 'yan shekara 10 ya buga, ƙwallo ɗaya ya ci a kakar. Wanda ya fi ƙarfin ajinsa a kai shi inda zai sha wuya. Mu nan hukumar hoki ta Amurka, USA Hockey, tun 2009 take jaddada cewa ci gaban yaro ya fi sakamakon wasa, kuma ci gaban gwani ma ci gaba ne.

Anti Binta: Usman, ɗagawar nan ba a baki take ba. Sai an tantance, kuma manyan matakai tafiye-tafiye ne da kuɗi. Ba kowane gida zai iya ba.

Malam Garba: Akwai hanyar da ba ta cin ko sisi. A mayar da shi baya na wasu wasanni. Ɗan baya shi ne yake ɗauko faifai daga bayan raga, fili duka yana gabansa, ɗan gefe yana jiransa a jikin katanga, ɗan tsakiya ya sauko ya ba shi zaɓi na biyu. Fasin farko nasa ne, dole ya ɗago kai. Zai kuma koyi gudu da baya, wanda yawancin 'yan gaba ba su iya ba. A wannan shekarun ma ba a so yaro ya kafe a wuri ɗaya. Iginla da Anti ta ambata gola ya fara yi yana yaro kafin ya koma gaba.

Maman Hauwa: Malam, duk na ji, kuma da Hauwa a hannunka take da ban yi kuka ba. Amma kocin da muka samu uba ne kawai da ya taimaka, daga wajen aiki yake zuwa fili, atisaye awa ɗaya a mako kuma rabin fili ake ba su. Irin wannan mutum ba shi da lokacin koyar da juyi da kewaye. Dokar uku ita ce abin da zai iya yi ranar Asabar. Ni na gwammace ta da babu.

Baban Sadiq: Hajiya, a nan dai ba za mu haɗu ba. Har gobe ba zan yarda a ce wa yaro daga shi sai gola kada ya harba ba. Amma maganar komawa baya ta shige ni. Ranar Laraba akwai atisaye, zan sami kocin mu biyu, ba a gaban yara ba, in roƙe shi ya gwada Sadiq a baya, in ya so ya janye dokar a wasa ya bar ta a atisaye. Malam Garba, don Allah turo mini yadda kuke tsara uku da ukun nan in nuna masa.

Malam Garba: Zan turo maka bayan isha'i in sha Allah. Ka fara gaya wa Sadiq da kanka kafin koci ya faɗa, kada ya ɗauka horo ne aka yi masa.

Maman Hauwa: In kocin ya janye dokar, Baban Sadiq, ka zauna a wasan gaba ka ƙirga mana sau nawa ɗan gefen Sadiq ya taɓa faifai. Ka kawo mana adadin nan, sai mu ci gaba daga nan.