Ta ina sabon mai sauraro zai fara da kiɗan jaz gauraye, wato jaz da aka haɗa da wasu salon kiɗa irin su rok da fank?

Da masu son wannan kiɗa suka tattauna batun, yawancinsu sun ce a koma Amurka, ƙarshen shekarun 1960, lokacin da mai busa ƙaho Miles Davis ya shigo da fiyano da jita na lantarki cikin jaz. Faifansa na 1969, In a Silent Way, aka fi ambata, saboda yana tafiya a hankali, ba ya cika kunne.

Wasu suka ce mai son kiɗan rawa gara ya fara da faifan Head Hunters na makaɗin fiyano Herbie Hancock, na 1973, inda fank, wato kiɗan rawa mai ƙarfin ganga da jitar bes, ya rinjaya. Ni ma nan na karkata.

Shawarar da ta fi burge ni: kada ka bi kowane kayan kiɗa lokaci guda. Kama ganga da jitar bes tukuna, su ke riƙe da tafiyar, masu busa kuwa su yi yawonsu su dawo. Wanda ya saba da Fela Kuti da makaɗin gangarsa Tony Allen ba zai sha wuya ba, tunda salon kiɗansu na afrobit ma ya ɗebo daga jaz da fank.

Kan Mahavishnu Orchestra, ƙungiyar makaɗin jita John McLaughlin, aka rabu. Saurinta ya sa wasu suka ce a bar ta sai kunne ya nuna.