Neman shawara: gyara saitin manhaja kafin a saka ta a kwamfutocin ofis

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu saka wata manhaja a kwamfutoci kusan 40 masu Windows, duk suna ƙarƙashin Active Directory (tsarin Microsoft na kula da kwamfutoci da asusun ma'aikata daga wuri ɗaya). Fayil ɗinta MSI ne, wato irin fayil ɗin da Windows ke amfani da shi wajen saka manhaja. Ina so ta shiga shiru ba tare da ta tambayi ma'aikaci komai ba, kuma a kashe sabunta kanta da take yi. In buɗe MSI ɗin in gyara kai tsaye, ko akwai hanyar da ta fi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa ainihin MSI ɗin. Kana gyara shi sa hannun kamfanin da ya yi shi ya lalace, kuma duk sabon fitowa sai ka sake aikin daga farko. Ka ɗauko Orca, manhajar gyara fayilolin MSI, tana cikin Windows SDK (tarin kayan aikin Microsoft na masu ƙirƙirar manhaja). Buɗe fayil ɗin, zaɓi New Transform, shiga teburin Property ka canza abin da kake so, sannan Generate Transform. Zai ba ka ƙaramin fayil mai ƙarshen .mst, wanda ke ɗauke da canje-canjen naka kawai. Gwada a kwamfuta ɗaya tukuna:

msiexec /i manhaja.msi TRANSFORMS=saiti.mst ALLUSERS=1 /qn /norestart /l*v C:\Temp\girka.log

Sunan saitin da ke kashe sabuntawa ya danganta da kamfani, a takardunsu za ka same shi. Wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe kaɗai ke karɓuwa ta layin umarni.

Amsa ta biyu: In ta Group Policy (hanyar tura saiti da manhaja zuwa kwamfutocin Active Directory) za ka tura, ga inda aka fi tuntuɓe. Lokacin ƙara fayil ɗin ka zaɓi Advanced, ka saka .mst a shafin Modifications kafin ka danna OK. In ka wuce nan babu damar ƙarawa, sai ka cire ka sake. Hanyar fayil kuwa ta zama ta netwok, irin \\saba\manhajoji\, ba harafi irin Z: ba, domin aikin yana gudana ne lokacin tashin kwamfuta, kafin kowa ya shiga, kuma da asusun kwamfutar kanta. Saboda haka ka ba rukunin Domain Computers izinin karantawa, a saitin raba foldar ta netwok (share) da kuma a izinin fayil na diski (NTFS). In wasu sun ƙi ɗauka, galibi sun riga netwok tashi ne, sai ka kunna "Always wait for the network at computer startup and logon".

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na gwada, ya dawo da lamba 3010. Ya lalace ke nan?

Amsa ta uku: A'a, ya shiga lafiya, sake kunna kwamfuta kawai yake nema. Wadda za ta dame ka ita ce 1603. In ta fito, buɗe girka.log ka nemi "Return value 3", dalilin yana layukan da ke samansa. 1618 na nufin wani girkin manhajar na daban na gudana, jira za ka yi. 1624 kuma .mst ne ya ƙi hawa, ko hanyarsa ba daidai ba ce, ko don wani fitowar MSI aka yi shi.

Amsa ta biyu: Ƙari kaɗan, Malam. In manhajar a HKEY_CURRENT_USER (ɓangaren Registry, ma'ajiyar saitin Windows, da ya keɓanta ga kowane mai amfani) take ajiye saitinta, girkin da asusun SYSTEM (asusun Windows ɗin kansa) ya yi ba lallai ya kai ga ma'aikata ba. Irin wannan ka tura shi daban ta Group Policy Preferences, ɓangaren Registry na masu amfani.