Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba "wargame"? Ina ba da shawarar "darar yaƙi"

Assalamu alaikum. Akwai wani nau'in wasa da aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana yi a Turai da Amurka, yana da kamfanonin ɗab'i nasa da mujallunsa da mutanen da suka yi suna wajen tsara shi, amma har yau Hausa ba ta tsayar masa da suna ba. Masu Turanci suna kiran sa wargame, Jamusawan da suka faro shi kuma suna cewa Kriegsspiel. Mutum biyu ko fiye ne suke zama a gaban tebur, a shimfiɗa taswira, kowa ya jera rundunarsa ta gutsattsarin kwali ko ta ƙananan mutum-mutumi, sannan a bi rubutattun ƙa'idoji har wani ya yi galaba. Shawarata ita ce mu kira shi darar yaƙi.

Na san abin da zai fara zuwa bakin kowa shi ne "wasan yaƙi", domin ma'anar kalmomin ke nan kai tsaye. Damuwata ita ce Bahaushe in ya ji haka, yara ne za su faɗo masa a rai suna guje-guje da bindigar kara a bayan gida, ko kuma wasan harbi na wayar hannu. A duka biyun babu zama, babu taswira, babu lissafi, alhali kuwa waɗannan ukun su ne jigon abin da muke magana a kai.

Tarihin abin ma yana goyon bayan dara. A 1780 wani malamin lissafi mai suna Johann Hellwig, a garin Braunschweig na Jamus, ya ɗauki wasan ches, wanda shi ma nau'in dara ne da ake yi a kan allo, ya faɗaɗa allonsa zuwa gida 1,617, ya shafa wa gidajen launi daban-daban don a bambanta dutse da ruwa da daji. A 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya miƙa wa sarkin Purusiya, wata masarautar Jamusawa ta wancan zamani, wani tebur na musamman da aka siffanta tudu da kwari a kansa, a 1824 kuma ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya wallafa ƙa'idojin da suka mayar da wasan kan ainihin taswirar ƙasa. Ɓangare ɗaya ja ne, ɗayan shuɗi, akwai alƙali a tsakani da yake karɓar umarnin kowane ɓangare a rubuce, yana kuma ɓoye wa kowa abin da dakarunsa ba su kai ga gani ba. Bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka karɓi wannan hanya ta horo. Fararen hula sun shigo daga baya, kuma littafin H. G. Wells na 1913, Little Wars, wanda ake harbin sojojin dalma a cikinsa da 'yar igwar wasa, yana cikin na farko da aka rubuta dominsu.

Sana'ar buga waɗannan wasanni a sayar a kwali kuwa a Amurka ta kafu. Charles Roberts ya fitar da Tactics a 1954 yana sayarwa ta gidan waya, a 1958 ya kafa kamfanin Avalon Hill a Baltimore, ya fitar da Gettysburg a kan wata shahararriyar arangama ta yaƙin basasar Amurka. A 1961 kamfanin ya fara zana taswirarsa da gidaje masu kusurwa shida, irin na saƙar zuma, kuma dalilin lissafi ne: a allo mai murabba'i, wanda ya yi tafiya a karkace ya fi wanda ya miƙe cin nisa, amma a gida mai kusurwa shida duk maƙwabtan gidaje shida nisansu ɗaya ne. A 1969 Jim Dunnigan ya karɓi mujallar Strategy & Tactics, ya gina kamfanin SPI a New York a kanta, ya riƙa saka cikakken wasa a kowace fitowa. Wannan dabara ta sa masu karɓar mujallar suna samun sabon yaƙi a gida duk bayan wata biyu. SPI ya durƙushe a 1982 saboda bashi, kamfanin TSR ya karɓe kadarorinsa ya ƙi cika alkawarin da aka ɗaukar wa waɗanda suka biya kuɗin mujalla tun da wuri, abin da ya ɓata ran masu wasan ƙwarai. Avalon Hill kuma kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1998.

Yanzu a dubi yadda kalmomin dara suke hawa wannan wasa ba tare da an tilasta su ba. Mai dara yana da gida, yana da 'ya'ya, yana jiran a zo kansa ya motsa ɗa, yana ci ana cin sa. A teburin Avalon Hill ma haka ne. Kowane ɗa ɗan kwali ne murabba'i, faɗinsa kamar rabin inci, an buga masa alamar rundunar da yake wakilta da lambobin ƙarfinsa da yawan gidajen da zai iya ratsawa a juyi ɗaya. In 'ya'yanka masu ƙarfi goma sha biyu suka far wa na abokin karawa mai ƙarfi huɗu, an samu uku bisa ɗaya, sai a jefa ɗan lido a duba jadawali a ga ko an ci shi, ko ya ja da baya, ko kuwa harin ne ya wargaje. Da "darar yaƙi" mun samu suna, mun kuma samu gida da ɗa da ci kyauta. Dara ma a Hausa ba wasa ɗaya ba ce, akwai ta ramuka talatin da ake neman jera uku, akwai ta zuba ƙwaya gida-gida, saboda haka kalmar ta riga ta saba ɗaukar fiye da nau'i ɗaya. Ina jiran gyaran masana.

Amsa daga wani dattijo, tsohon soja:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na gamsu da ƙin "wasan yaƙi", amma ina da ja a kan abu biyu. Na farko, sojoji suna da kalmominsu, wato rawar daji da atisaye, kuma bai kamata a bar masu fassarar labarai su cakuɗa su da wannan sabuwar kalma ba, domin Turanci yakan kira rawar daji ma wargame. Na biyu ya fi damuna. Dara a wurinmu abin hutawa ce a gindin bishiya bayan an taso daga gona, wasu ma suna ganin aikin marasa abin yi ce. Abin da na gani a lokacin horonmu kuwa akwatin yashi ne da aka tayar wa tuddai, aka shimfiɗa zare a matsayin kogi da hanya, hafsoshi suna tsaye kewaye da shi ana tambayar kowa inda zai ajiye mutanensa, kuma wanda ya yi sakaci a wurin zai sha faɗa kamar rai ya salwanta da gaske. An ruwaito cewa Janar Müffling, shugaban hafsoshin Purusiya, da ya ga wasan Reisswitz a 1824, cewa ya yi wannan ba wasa ba ne, horon yaƙi ne. Ina tsoron kada "dara" ta rage wa abin nauyi.

Amsa daga wata malamar Hausa:

Malam, ni na karɓi "darar yaƙi", kuma ginin kalmar daidai yake, tunda dara tamace ce, ɗafin -r ya zauna. Jam'i ne zai yi mana nauyi a baki, saboda haka ina ganin a ce "wasannin darar yaƙi" in ana nufin da yawa. Tambayata a kan ɗaya reshen ne da ba ka taɓa ba, wato wasannin da ba a kan tarihi aka gina su ba, a kan ƙagaggun labaran kimiyya. In muka ce "darar yaƙin almarar kimiyya" ta yi tsawo, babu wanda zai riƙe ta. Me zai hana "darar yaƙin taurari"?

Amsar wanda ya buɗe zancen:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta farko na ɗauka gaba ɗaya: in dakaru na gaske suka fita fili da motoci, rawar daji ce, in kuwa a kan tebur ne da taswira, darar yaƙi ce, kuma wannan rabewa ta fi ta Turanci tsabta. A kan ta biyun ina neman afuwa in tsaya a kan bakana. Duk wanda ya zauna kusa da ƙwararrun 'yan dara ya san yadda mutum yake shiru yana hango motsi uku ko huɗu a gaba, ya ba da ɗa ɗaya don ya ci biyu. Hausawa da kansu ba su raina hikimarta ba, shi ya sa in makirci ya koma kan mai shi ake cewa dara ta ci gida. Ga sojoji, in ana son ƙarin nauyi a takardun aiki, ana iya cewa "atisayen taswira", a bar "darar yaƙi" ga abin da ake bugawa a sayar wa jama'a, wanda shi ne asalin abin da ya sa na buɗe zancen.

Malama, na gode da gyaran jam'i. "Darar yaƙin taurari" tana da daɗin faɗi, kuma ta dace da wani babban kaso na wannan reshe. StarForce, wanda Redmond Simonsen ya tsara SPI ya buga a 1974, taswirarsa ta taurarin da suke maƙwabtaka da rana ce, kowane tauraro da lambar da take nuna ko yana sama ko yana ƙasa da shimfiɗar takardar, 'yan wasa kuma suna rubuta motsinsu a ɓoye sannan a bayyana lokaci ɗaya. Stellar Conquest na Howard Thompson, wanda kamfaninsa Metagaming na Texas ya fitar a tsakiyar shekarun 1970, ya ƙara wani abu da wasannin tarihi ba su cika damuwa da shi ba: kafin ka yi yaƙi sai ka leƙa duniyoyin da ba a sani ba, ka zaunar da jama'a, ka gina masana'antu, ka zuba dukiya a bincike. Star Fleet Battles na 1979 da Twilight Imperium na 1997 duk a sararin samaniya suke.

Inda kalmar ta gaza shi ne Ogre, kuma ba wasa ne da za a tsallake ba. Steve Jackson ya tsara shi, Metagaming ya fitar da shi a 1977 a cikin 'yar jakar leda a kan dala 2.95, a lokacin da manyan kwalaye suke da tsada kuma wasa ɗaya yakan cinye yini. A doron ƙasa ake yin sa, a ƙarshen ƙarni na 21. Ɗan wasa ɗaya yana da sojojin ƙasa da tankoki da igwa, yana tsaron hedikwatarsa. Ɗayan kuwa ɗa guda tak yake da shi, wata ƙatuwar tankar yaƙi mai sarrafa kanta, wadda ba a iya ci a harbi ɗaya. Sai dai a riƙa ɓantarar ta, a lalata wannan bindiga, a kashe wancan makami mai linzami, a ragargaza sarƙar ƙafafunta, mai ita yana soke abin da ya rasa a takarda da fensir yana ci gaba da matsowa. Mai tsaro kullum yana cikin zaɓi mai wuya, ko ya kashe makamanta don mutanensa su tsira, ko ya karya ƙafafunta don kada ta iso. A ganina babu wasan da ya fi shi nuna abin da wannan reshe ya kawo, wato 'yancin mai tsarawa ya ƙirƙiro matsalar da tarihi bai taɓa kawowa ba. Babu tauraro ko ɗaya a cikinsa. BattleTech na kamfanin FASA, da ya fito a 1984, da Warhammer 40,000 na Games Workshop a Ingila, na 1987, wanda ake yi da mutum-mutumin da mai su yake haɗawa ya yi wa fenti da hannunsa a auna nisa da tef, su ma galibi a ƙasa ake gwabza su, ko da a wasu duniyoyin ne.

Abin da ya haɗa su duka lokaci ne da bai zo ba, don haka nake ba da shawarar "darar yaƙin gobe". Na guji "gaba" saboda a rubuce ana iya karanta ta da ma'anar ƙiyayya. "Gobe" kuwa mun saba miƙa ta nesa, kamar yadda muke kiran yara manyan gobe. Sai ta tsaya daura da "darar yaƙin tarihi" ta su Gettysburg, ita kuma "darar yaƙin taurari" taki ta zama reshe a ƙarƙashinta, na waɗanda ake yi tsakanin duniyoyi.

Wannan tsari zai yi mana amfani har a wasannin na'ura, domin daga tebur suka samo asali. Reach for the Stars, wanda wani kamfanin Ostireliya ya fitar a 1983, da Master of Orion na 1993, tsarin leƙe da zaunar da jama'a da gina ƙarfi da yaƙi suka bi, irin wanda Stellar Conquest ya shimfiɗa. Waɗannan sai mu ce musu "darar yaƙin taurari ta kwamfuta", na kwali da taswira kuma in ana son bambantawa a ƙara "ta tebur". Abin da ya rage ban gamsu da shi ba shi ne sunan ɗan jifa mai fuska shida. Na yi amfani da "ɗan lido" don shi aka sani, amma wasu daga cikin wasannin nan suna amfani da mai fuska goma ko ashirin, wanda bai taɓa shiga lido ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa na Sakkwato da Damagaram da Maraɗi su faɗa mana yadda ake kiran sa a wajensu.