Zaure ya cika maƙil amma sharhi ya ƙafe: ya kuka yi da naku?

Uwar Zaure, Kano:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan zaurenmu na littattafan Hausa a WhatsApp. Da WhatsApp ya ɗaga adadin 'yan guruf daga 256 zuwa 512, sannan 1,024 a 2022, sai na saki ƙofa kowa ya shigo. Yanzu mun cika taf. Amma marubuciya za ta kwana tana taifin da babban yatsa, ta saki feji da asuba, abin da za ta samu sitika ce ashirin da "mun gode, Allah ƙara basira" guda uku. Lokacin da muke ɗari biyu har faɗa ake yi a kan wacce ta fi gaskiya tsakanin uwargida da amarya a labari. Marubutana biyu sun ajiye alƙalami. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Maman 'Yan Biyu, Funtuwa:
Wa alaikumus salam Anti. Ni dokar "ba sharhi, ba ci gaba" na kafa, kuma na yi nadama. Sharhi ya zo kam, amma na dole: mutum ɗaya ya rubuta, hamsin su kwafa su manna, har da kuskuren rubutunsa. Na cire mutum tamanin a dare ɗaya don haushi. Washegari wata dattijuwa ta kira ni, ashe tana cikin waɗanda na kora. Ta ce jikarta ce ke karanta mata bayan isha'i, ita ba ta iya rubutun boko ba, amma ba feji ɗaya da ya wuce ta. Ta zayyano min labarin tun daga farko, har da wani ɗan aike da ni kaina na manta na saka shi. Kunya ta ishe ni. Tun daga ranar na ce a riƙa turo saƙon murya, kuma wallahi sharhin da ya fi gyara min rubutu daga nan yake fitowa.

Malamin Hausa, Zariya:
Hajiya, ki yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Ba masu karatu ne suka mutu ba, abin da ake zuba musu ne ya yi yawa. Zaure ɗaya, littafi goma sha biyar na tafiya a lokaci guda, kuma goma a ciki attajiri ne mai girman kai da 'yar talakawa mai tsiwa. Me mutum zai ce a kai wanda bai faɗa bara ba?

Mu abin da muka yi, mun kafa kwamitin tacewa na mutum uku. Duk mai son a saki littafinta sai ta kawo feji biyar na farko da bayanin inda labarin zai ƙare. A nan ake yin ta, don da yawa ba su san ƙarshen ba, sharhin jama'a suke bi suna lanƙwasa labari, shi ya sa za ki ga littafi ya kai feji 150 jaruma ta yi haɗarin mota sau uku. Sai ƙa'idar rubutu: "yana" a haɗe take, "ya ce" a rabe. Ga kuma ɓ, ɗ, ƙ. Wata ta rubuta cewa an kai "kara" kotu, na ce ƙanwata, na dawa ko na gero? Madannin Hausa na Gboard kyauta ne, a sauke shi. Littafi uku kacal muke saki yanzu. Wasu sun yi fushi sun fita, sun ce mun mai da zaure ajin jami'a. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya, ni ma nakan zaƙe.

Ɗan Maraɗi:
Malam, a sassauta mana kan ƙa'ida. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, wanda ya saba rubuta "tch" da "ou" ba zai daina a kwana ɗaya ba. An taɓa yi min dariya a wani zaure, shekara guda ban sake cewa uffan ba. Gyara ta bayan fage ya fi.

Malamin Hausa, Zariya:
Na karɓa, ɗan'uwa.

Yaya Babba, Gusau:
Anti, ni kulle zauren nake yi, admin kaɗai ke magana, sai Talata da Asabar bayan magariba in buɗe na awa biyu. Ba na cewa "ku yi sharhi". Tambaya nake jefawa: da ke ce aka kawo miki ɗan kishiya riƙo bayan abin da uwarsa ta yi miki, za ki karɓa? Ranar sai da wayata ta ɗau zafi. Masu tallan atamfa da turaren wuta kuma na ba su Juma'a, don su ne ke binne sharhin mutane da hotuna.

Wani abin da ya taimaka: in lokacin Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, ya zo, wadda ake yi wa mata tun 2016, mukan tsayar da dogayen littattafai wata guda, kowa ta gwada gajeren labari a karanta mata a tsefe shi. Mai feji ɗari in aka ce ta ƙulle zance a 'yan shafuka, nan take gane yawan surutun da take yi.

Uwar Zaure, Kano:
Na gode ƙwarai. Yaya Babba, zan gwada kullewar daga Asabar. Malam, kwamitin ne ke ba ni tsoro, don cikin masu littafin attajirin nan har da ƙanwar maigidana. Wa zai faɗa mata?

Maman 'Yan Biyu, Funtuwa:
Ki turo ta wurin Malam, shi ba gida ɗaya suke kwana ba.